Kawuna ya ce in zaɓa: ko rumfar albasa ko kareti

Assalamu alaikum Baba. Ni saurayi ne ɗan shekara 23 daga wani gari a jihar Katsina. Shekara biyar ke nan da mahaifiyata ta damƙa ni a hannun yayanta, wanda yake sayar da albasa a kasuwar Mil 12 a nan Legas. A gidansa nake kwana, a rumfarsa nake aiki, kuma ya yi mini alkawarin zai sallame ni da jari idan lokaci ya yi.

Da na zo garin nan ina da zafin zuciya ƙwarai. Sau biyu kawu yana zuwa belina saboda faɗa, ɗaya da kwandastan danfo, ɗaya da wani ɗan dako. Shekara uku da suka wuce wani abokin cinikinmu ya kai ni inda ake koyon kareti a wajen Ketu. Na shiga ne don in iya duka, amma abin da ya kama zuciyata shi ne kata, wato jerin motsin da mutum yake yi shi kaɗai kamar yana kare kansa daga abokan faɗan da ba a gani. Yanzu ina da ɗamara mai ruwan ƙasa, matakin da ke gab da baƙar ɗamara ta ƙwararru, kuma tun da na fara ban sake ɗaga wa kowa hannu ba.

Laifina shi ne ban gaya wa kawu ba. Duk yammar Talata da Alhamis da Lahadi sai in ce masa karatu zan tafi wajen malam. Makon jiya ɗansa ya nuna masa wani bidiyo a wayata, ina durƙushe tare da 'yan ajinmu mun kai goshi kusa da ƙasa muna gaida koci. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce sujada nake yi wa mutum, ya ce na ci amanarsa, in zaɓa ko rumfa ko wannan rawar, in ba haka ba zai sa ni a motar albasa in koma gida. Yau kwana shida ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Ga shi akwai gasar kata a Surulere nan da mako uku, ranar Asabar, ranar da motocinmu suke sauke kaya. A gasar da na fara shiga bara, ina tsakiyar katar da ake kira Bassai Dai na tsaya cak, na manta abin da ke gaba, aka fitar da ni. Shekara guda ina shiri don in wanke wannan kunyar. Abokaina masu zuwa kallon dambe dariya suke yi mini, wai namiji ba ya faɗa da iska. Wani daga cikinsu ya ce in bar gidan kawu in dawo ɗakinsa. Baba, in na bar kareti ina tsoron in koma gidan jiya. In na bar kawu kuma ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. Me zan yi?

Ɗanka, daga Mil 12

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu shiga komai, ka bar jakarka inda take. Kada ka koma ɗakin abokin nan ko da na dare ɗaya ne. Na yarda da kyakkyawar niyya ya yi maka tayin, amma ranar da ka fita daga gidan kawunka cikin fushi, magana ta tashi daga ta kareti ta koma ta zumunci, kuma gyaran wannan sai an haɗa da mahaifiyarka da dangin can gida, a yi ta kai gwauro ana kai mari. Yanzu abin yana tsakaninku ne ku biyu, kuma ina ganin zai gyaru.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ka wuce ta da sauri, ni kuwa a kanta na tsaya: shekara uku ba ka ɗaga wa kowa hannu ba. Wanda bai san Mil 12 ba ba zai gane nauyin wannan ba. Na san yadda kasuwar take da asuba idan motoci sun iso. 'Yan dako na turereniya da buhu a ka, mai baro ya taka maka ƙafa bai ko waiwayo ba, mai saye ta surfa maka zagi da yaren da rabinsa kawai kake ji, ga rashin barci, ga warin albasar da ta fara ruɓewa a ƙasan mota, wadda tun daga nesa ka san asara ce. Saurayin da aka yi belinsa sau biyu ya yi shekara uku a cikin wannan hayaniya bai mari kowa ba, wallahi ya samu abin da wasu masu furfura ba su samu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Don haka ba za ka ji na kira abin da kake yi shirme ba.

Amma ka yi laifi, kuma ya fi yadda ka ɗauke shi girma. Ka ce "ban gaya wa kawu ba". A'a ɗana, ka gaya masa, sai dai ba gaskiya ka gaya masa ba. Sau uku a mako har shekara uku, in ka lissafa ya haura sau 400 kana kallon idonsa kana cewa karatu za ka tafi. Kuma ka dubi abin da ka fake da shi. Wataƙila mutumin nan ya sha gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa ɗan ƙanwarsa ba ya wasa da karatu. Wataƙila ya sha kwantar wa mahaifiyarka da hankali a waya da wannan maganar. Rana ɗaya sai ga ɗan cikinsa ya miƙo masa waya, ya gane an daɗe ana wasa da hankalinsa a cikin gidansa. Sannan ka tuna ɗan kasuwa ne. Yaron da ya iya ɓoye inda yake zuwa na shekara uku, dole maigida ya fara tambayar kansa ko akwai abin da aka ɓoye masa a lissafin ciniki. Na tabbata hannunka tsarkakakke ne, amma kai ka buɗe wa wannan zargin ƙofa.

Akwai kuma tsoron da bai furta maka ba. Waɗanda suke Mil 12 a watan Maris na 2016 ba su manta yadda ƙaramar hatsaniya ta rikiɗe ta zama rikicin da aka yi asarar rayuka da dukiya ba, har gwamnati ta rufe kasuwar. Dattawanmu na Legas sun san cewa naushi ɗaya daga hannun ɗan Arewa a bakin titi yana iya jawo wa unguwa guda bala'i. Mutumin da ya taka har ofishin 'yan sanda sau biyu saboda kai, yau ya ji kana koyon faɗa a ɓoye, me kake so ya zata? Gani yake ana wasa wuƙar da ta riga ta yanke shi. Bai san wannan horon ne ya sanyaya ka ba, domin ba ka taɓa ba shi damar sani ba.

Saboda haka abu na farko ban-haƙuri ne, shi kaɗai, ba a haɗa shi da roƙon komai. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ba a rumfa gaban yara da abokan ciniki ba. Ka zauna a ƙasa ka ce, "Kawu, na yi maka ƙarya shekara uku, na fake da karatu, ban kyauta ba, ka yafe mini don Allah." Ka tsaya nan. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka, kada ka ambaci gasa. Ka faɗa masa har da uzurin da ka kawo ranar gasar bara, don kada wani abu ya rage da zai ɓullo daga baya ya sake tayar da ƙura. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai ka saurara har ya gama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle mutumin da ya ci da kai ya sha da kai shekara biyar. Daga nan ka ce masa ka dakatar da zuwa wajen horo har sai abin da ya gani, kuma ka dakatar ɗin da gaske. Ka kira kocinka ka gaya masa halin da ake ciki ba tare da kwana-kwana ba.

Washegari ka nemi malami a masallacin kasuwa ko na unguwarku ka fara karatun nan da ka daɗe kana ambata, ko da tsakanin magariba da isha'i ne. Bashi ne a kanka. Sannan ka kira mahaifiyarka da kanka kafin labarin ya isa gare ta ta wani bakin. Kada ka kai ƙarar yayanta, kada ka ce ta roƙar maka shi. Ka gaya mata laifinka kawai. Ta fi ka sanin halinsa, ta san lokacin da ake yi masa magana ya ji.

Yanzu maganar gaisuwa, wadda ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Kawunka bai yi kuskure ba da abin ya tayar masa da hankali. A wurin Japanawa, waɗanda daga ƙasarsu kareti ya fito, zama a kan dugadugai a dafa ƙasa a sunkuyar da kai gaisuwar girmamawa ce, kamar yadda kake ganin yaran Yarbawa suna kwanciya a gaban manyansu, kamar yadda mu ma muke da namu durƙuson. To amma ko mece ce niyya, siffar ta yi kama da sujada, kuma Musulmi ba ya kai goshinsa ƙasa saboda wani mahaluki. Wannan ka bar shi daga yau, ba sai ka jira fatawa ba. Ka gaya wa koci za ka zauna a sahu tare da kowa, bayanka a miƙe, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya. Kocin da yake koyarwa a gari irin Legas bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. In ya ce sam sai an kai goshi ƙasa, to nan ba wurinka ba ne, ka nemi wani.

Rusunawar tsaye ita ce mai sauran magana. Akwai hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko idan ɗayanmu ya haɗu da ɗan'uwansa ko abokinsa zai rusuna masa, ya ce a'a. Malamai sun yi bayani a kai. Wasu sun haramta, wasu sun ce makaruhi ne matuƙar bai kai ruku'u ba kuma ba da nufin bauta aka yi ba. Kuma dole in gaya maka abin da ka riga ka sani: a aji koci yana iya ɗauke maka, amma a gasa ba haka ba ne. A dokokin hukumar kareti ta duniya, wanda bai rusuna a farkon kata da ƙarshenta ba fitar da shi ake yi, daidai da wanda ya tsaya cak a tsakiya ko wanda ɗamararsa ta kwance ta faɗi. Ka ga ke nan ko da babu kawu a cikin zancen, wannan tambaya ce da ya kamata ka nemi amsarta tun kafin ka fara shiga gasa.

Shawarata ita ce, idan ƙura ta lafa, ka roƙi kawu ya kai ka wurin malamin da shi ya yarda da shi, ba wanda kai ka zaɓo ba. Ku je tare. Ka miƙe a gaban malamin ka nuna masa daidai yadda ake rusunawar da iya inda kai yake kaiwa, ka gaya masa dokar gasa yadda take, kada ka rage komai don a ba ka amsar da kake so. Tun kafin ku tafi ka yi wa kawu alkawarin abin da malam ya faɗa shi za ka bi. Wannan alkawarin kaɗai zai mayar maka da rabin yardar da ka zubar. In malam ya ce akwai sauƙi, alhamdu lillahi. In ya ce babu, gasa ce ta kuɓuce maka, kata kuwa tana nan a jikinka.

Ina so ka riƙe wannan bambancin da kyau, domin na lura kunyar bara ta sa ka fara haɗa su wuri ɗaya. Kata ta girmi gasa nesa ba kusa ba. A tsibirin Okinawa na ƙasar Japan aka raini wannan fanni, mutane suna maimaita kata a tsakar gida ba alƙali ba lambar yabo, kafin wani babban malamin kareti, Gichin Funakoshi, ya kai shi birnin Tokiyo a 1922. Tsofaffin malamansu suna da karin magana cewa kata ɗaya shekara uku ce. Ka tuna ta farko da aka koya maka, Heian Shodan, mai motsi 21. Da me take farawa? Ka juya hagu ka kare. Da kariya take buɗewa, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojin da Funakoshi ya bari shi ne babu fara kai hari a kareti.

Ga yadda nake fahimtar abin da ya faru da kai. Mai zafin zuciya, tsakanin ɓacin ransa da tashin hannunsa babu tazara, kafin ya yi tunani mari ya riga ya sauka. Kata kuwa kullum tana tilasta maka ka saki naushi da dukkan ƙarfinka sannan ka tsayar da shi daidai inda aka ce, ka ja numfashi, ka jira, ka kalli inda za ka kafin ka juya. Ka yi wannan sau dubbai, har jikinka ya koyi cewa akwai ɗan tsayawa tsakanin niyya da aiki. A wannan ɗan tsayawar ne kwandastan danfo yake tsira, kai ma kake tsira.

Na taɓa zama a zauren wasanni a Surulere ina kallon irin wannan gasa. Wata yarinya siririya da ba ta wuce shekara 14 ba ta shigo fili. Zauren ya yi tsit har kana jin ƙarar hannun rigarta duk lokacin da ta kai naushi, kamar an kaɗa sabon zane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne idonta. Kafin kowane juyi sai idon ya riga jikin zuwa, kamar da gaske akwai mutum a can yana tahowa. Da ta gama, ƙirjinta na sama da ƙasa don gajiya, amma fuskarta a kwance take kamar wadda ta idar da nafila. Tun ranar ban sake yarda a kira wannan abu rawa a gabana ba.

Abokanka kuma, kada ka raina abin da suke so don sun raina naka. Dambe namu ne, gadon mahauta, kuma wanda ya taɓa ganin an naɗe hannu da kara an shiga fili, Kudu da Arewa da Guramada kowa na kirarin nasa, turmi uku ana neman kisa, ya san ba wasan yara ba ne. Amma ɗan damben da suke yi wa tafi shi ma yana gwada hannunsa a iska kafin ya fuskanci abokin karawa. Inda nake jiye maka tsoro shi ne ranar da za su zuga ka su ce to gwada mu gani. Ranar da ka doki mutum don ka nuna musu kai namiji ne, ka zubar da aikin shekara uku, ka kuma gaskata duk abin da kawu yake tsoro. In sun dame ka, ka gayyace su su zo su gani da idonsu, su gwada tsayuwar doki, wato a buɗe ƙafafu a lanƙwasa gwiwa kamar mai hawan doki, ta minti biyu tare da kai. Wani daga cikinsu ma yana iya zama ɗan ajinku.

Gasar nan ta mako uku, ka cire ta daga ranka. Na san da ciwo, shekara guda ka yi kana jiran ta. Amma ta faɗo ranar sauke kaya, a lokacin da kawu ko gaisuwarka ba ya amsawa da baki, ga tambayar rusunawa ba a warware ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka saci jiki ka je, ko ka ciyo zinare ka dawo ka tarar da kayanka a bakin ƙofa, kuma wannan karon ba ni da bakin da zan kare ka. Sai fa in shi da kansa ya ce ka je, wanda ban sa rai ba, kai ma kada ka sa. Kunyar da kake son wankewa kuwa, ina tabbatar maka waɗanda suka kalle ka bara sun ga wasu da yawa sun tsaya kamar yadda ka tsaya, kai kaɗai ne kake ɗauke da ita har yau. Kuma kata ba ta gudun shekaru. Sandra Sanchez 'yar ƙasar Sifaniya tana da shekara 39 ta ci zinaren kata a gasar Olamfik ta Tokiyo a watan Agustan 2021. Kai 23 gare ka.

Tunda ka samu ƙarin lokaci, ka gyara abin da ya kayar da kai. Ka san yadda ake yi a musabaƙa: ɗalibin da ya saba ɗauko hadda daga farkon sura kaɗai, da an ja masa baƙi daga tsakiya sai ya kakare. Haka jiki yake. Bassai Dai motsi 42 ce, kuma ina zargin kullum daga farko kake ɗauko ta, kana fuskantar bango ɗaya a ɗaki ɗaya. Ranar gasa aka canja maka bango, aka ƙara maka idanun mutane, sai zaren ya tsinke. Ka riƙa fara ta daga motsi na goma, ko na ashirin da biyar. Ka yi ta kana fuskantar gabas, gobe kudu, jibi kusurwa. Ka yi ta a hankali ƙwarai kamar mai tafiya cikin ruwa, ka yi ta ido a rufe, ka yi ta bayan ka gaji liƙis. Idan ka koma aji ka roƙi koci ya nuna maka ma'anar kowane motsi da abokin gwaji, domin wanda ya san wannan hannun kama wuyan hannu yake yi, wancan kuma ture ƙafa, ba ya mantawa kamar wanda ya haddace siffa kawai. Kuma ka saba yin ta a gaban mutane, ko da yara uku ne a tsakar gida.

Bari in taɓo maganar abinci, don kada son abu ya rufe maka ido. Kareti sau ɗaya ya shiga Olamfik, a Tokiyo, ba a saka shi a ta Faris ta 2024 ba. Ko a taikwando, wasan faɗa mai kama da kareti, inda Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016, irinsu ƙidayar yatsu ne. Jarin da kawu ya yi maka alkawari, da sanin albasar da ka tara shekara biyar, wadda za ta yi ajiya da wadda sai a sayar yau, su ne za su yi maka aure su riƙe mahaifiyarka. Ina fata wata rana in ji ka ɗaura baƙar ɗamara kana tara yaranmu na Mil 12 da Agege da Idi-Araba ranar Lahadi kana koya musu abin da ya gyara ka, domin akwai masu irin zuciyarka ta da birjik. Amma wanda yake da rumfar kansa ne zai iya yin wannan hankali kwance.

Idan an yi mako biyu ko uku kawu ya ga kana karatu, kana rumfa a kan lokaci, fuska ta fara saki, sai ka nemi dattijo ɗaya daga cikin abokansa da yake jin maganarsa. Shi zai kai roƙon, ba kai ba. Abin da za a nema ya zama mai sauƙin amsawa: sau biyu a mako maimakon uku, ban da ranar sauke kaya ko kaɗan, za ka faɗi lokacin fita da na dawowa, babu kai goshi ƙasa, sauran kuma abin da malam ya ce. A roƙe shi ya zo ya gani da idonsa ko sau ɗaya ne, ko ya turo wanda ya yarda da shi, gani ya kori ji. Akwai tambaya ɗaya da ta fi kowace hujja ƙarfi, amma a bakin dattijon za ta yi kyau, a bakinka za ta zama rashin kunya: "Alhaji, yaushe rabon da a kira ka saboda yaron nan ya yi faɗa?" Ɗansa da ya nuna bidiyon kuma kada ka riƙe shi a rai. Ɗan'uwanka ne, kuma ba shi ya yi ƙaryar ba.

Yana yiwuwa bayan duk wannan kawu ya ce a'a. In haka ta faru, ka yi biyayya muddin kana ƙarƙashin inuwarsa. Ka nemi izininsa a fili ka riƙa motsa jiki bayan sallar asuba ko da yamma a tsakar gida, inda kowa yake gani. Kata ba ta buƙatar fiye da filin tabarma kaɗan. Ranar da ya sallame ka ka zama mai kanka, ƙofar aji tana nan ba ta gudu ba. Kada dai ka sake komawa ɓoye-ɓoye, ko da na rana ɗaya ne.

Tsoron da kake yi na komawa gidan jiya na fahimce shi, kuma yana da kyau da kake jin sa. Sai dai abin da ka koya ba a ɗakin horo ka bar shi ba. Kwana shida ana amsa maka gaisuwa da ka, an kira abin da kake ƙauna rawa, an yi maka barazanar kora, ba ka ɗaga murya ba, ka zauna ka rubuto wasiƙa. Yaron da aka yi beli shekarun baya ba zai yi haka ba. In ka ji zuciya tana tasowa a kasuwa, ka yi abin da ka saba, ka sauke numfashi har ciki, ka saki kafaɗu, ka nemi tsari, in kana tsaye ka zauna kamar yadda aka koyar da mu, in da hali ka je ka yi alwala. Ka riƙa kiran kocinka kuna gaisawa. In kuwa ka ga fushi ya fara hana ka barci ko yana zuwa ba dalili, ka je asibiti ka yi bayani, babu abin kunya a ciki. Ka kula da gwiwoyinka da bayanka, tunda ga dakon buhu ga tsayuwar horo, kuma duk wanda ya miƙo maka tiramadol ko wata ƙwaya da sunan ƙarin ƙarfi ka mayar masa da abarsa.

Ka rubuto mini bayan kun je wurin malam, ina so in ji abin da ya ce da yadda kawu ya karɓa. Idan ka kira mahaifiyarka ka gaishe ta. Yau da daddare kuma, ka bari sai yara sun watse, ya gama cin abinci, sannan ka yi sallama a ƙofarsa.